AURE YA MUTU, BASHI NA NAN: WA ZAI BIYA?

Idan aure ya mutu a ƙasarmu, abubuwan da a kan zauna a lissafa sanannu ne. Dangin mace su zo su kwashe kayan ɗakinta, a ƙidaya kwanuka da gado da katifa, a tambaya ko da sauran sadaki, a yi maganar idda da ta wanda zai riƙe yara. Da wuya ka ji wani dattijo a wurin ya ɗaga murya ya ce, "To, bashin da suka ci tare fa?" Sai bayan an watse, mace ta koma gidan iyayenta, miji ya shiga neman wata, sa'an nan mai bashi ya yi sallama da takarda a hannunsa.

A da wannan magana ba ta da nauyi ƙwarai, gama bashin magidanci bai wuce damin dawa da zai mayar da kaka ba, ko 'yan kuɗin da maƙwabci ya ranta masa, kowa kuwa ya san wanda ya karɓa. Yanzu zamani ya juya. Miji da mata su kan je banki ko ƙungiyar gama kai su ɗauko rance don sayen fili, ko injin markaɗe, ko keken ɗinki, ko babur mai ƙafa uku, su duka biyu su sa hannu. Wani lokaci kuwa miji ne kaɗai ya ke bukatar kuɗin, amma a ce ya kawo wanda zai tsaya masa, ya ɗauko matarsa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatunmu inda nauyin irin wannan bashi ya ke faɗawa idan an rabu.

MAI BASHI BA YA CIKIN AUREN

Tushen maganar guda ɗaya ne, wanda ya riƙe shi sauran duk za su zo masa da sauƙi. Aure alkawari ne tsakanin miji da mata. Bashi kuwa alkawari ne dabam, tsakanin wanda ya karɓa da wanda ya bayar. Mai bashi bai halarci ɗaurin aure ba, ba a kuma shawarce shi ranar saki ba, don haka takardar saki ba ta rage masa ko kwabo. Abin da zai duba shi ne, wa ya karɓa, wa ya sa hannu, wa ya yi lamuni.

Daga nan bashin ma'aurata ya kasu kashi uku. Akwai wanda ɗayansu ya ci shi kaɗai da sunansa. Akwai wanda suka ci tare, sunansu duka yana takarda. Akwai kuma wanda ɗaya ya ci, ɗayan ya tsaya masa. Ko wane kashi da hukuncinsa, kuma yawancin rigimar da ke kai mutane gaban alƙali daga cuɗa su ta ke tasowa.

KOWA YA ƊEBO DA ZAFI, BAKINSA

Kashi na fari ba shi da wuya. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita daga littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Shehu Halilu, da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim mutumin Garnaɗa, aure ba ya gama dukiyar miji da ta mata. Abin da mace ta mallaka nata ne, sadakinta da gadonta da ribar sana'arta, abin da miji ya mallaka nasa ne. Yadda dukiyarsu ta ke a rabe, haka bashinsu ya ke a rabe. Idan miji ya ci bashi a kasuwa ya kasa biya, ba a taɓa gadon matarsa ko akuyarta, ko suna tare ko sun rabu. Idan mace ta kwashi adashi ta kasa zubi, ba a kama mijinta don kawai shi ne mijin.

Abu ɗaya ne ya fita daga wannan, watau ciyarwa. Ci da sha da tufafi da wurin kwana wajibi ne a kan miji ko da matar ta fi shi wadata. In miji yana da hali ya bar gida ba cefane, matar ta ci bashi wajen mai kanti ta ciyar da kanta, to wannan kuɗi bashi ne a wuyansa, tana da ikon ta bi shi ko bayan saki. Malamai sun ƙara da cewa matar da mijinta ya yi tafiya ya bar ta ba kome, in ta kai ƙara wurin alƙali, daga ranar da ta kai maganarta a ke kamawa tare da rantsuwa. Wadda ta yi shiru don kunya har ya komo, in ya ce ai yana aiko mata, sai ta sha wahalar kawo shaida.

Dokar da Nijeriya ta gada daga Turawa ita ma nan ta tsaya, ko da ya ke ta daɗe a hanya. A Ingila ta da, mace in ta yi aure dukiyarta ta hannu ta koma ta miji, bashinta ma ya hau kansa, har wanda ta ci tun tana budurwa. Shi ya sa mazan da suka rabu da matansu su kan buga sanarwa a jarida cewa daga yau ba ruwansu da bashin da wance za ta ci. Sai a 1882 Majalisarsu ta yi doka ta ba matar aure ikon mallakar dukiyarta da ɗaukar nauyin bashinta, abin da shari'ar Musulunci ta riga ta ba mata da ƙarnuka masu yawa.

BASHIN TARAYYA

Kashi na biyu nan ne ramin da mutane suka fi faɗawa. A ce miji da mata sun ranto naira 600,000 sun sayi injin markaɗe, sun biya 200,000, sa'an nan suka rabu, injin ya zauna gidan miji. Saura 400,000. Abin da ke ran matar shi ne, tun da injin na wurinsa, bashin ma na wurinsa. In ta matsa da tunani sai ta ce, to, in ya yi tsanani rabi ne nata, watau 200,000.

A fiƙihu, in mutum biyu sun ci bashi tare ba su ƙara wani sharaɗi ba, ko wanne rabonsa a ke binsa. Amma in mai bashi ya sa sharaɗin cewa ko wannensu ya lamunce wa ɗan'uwansa, to yana da ikon ya kama wanda ya samu ya karɓi kuɗinsa duka. Takardun rancen tarayya na banki kuwa galibi da wannan sharaɗi a ke rubuta su, a cikin Turancin lauyoyi wanda ma'anarsa ita ce, ana bin su tare, ana kuma bin ko wannensu shi kaɗai da dukan kuɗin. Banki ba ya tambayar wa ke riƙe da injin, ko wa ya ci riba, ko wa ya yi saki. Wanda ya fi sauƙin samu shi ya ke bi. In matar malamar makaranta ce mai albashi, mijin kuwa ya ƙaura zuwa wani gari, to 400,000 ɗin nan duka a kanta za su sauka.

Ba a ce hakkinta ya salwanta ba. In ta biya fiye da rabonta, shari'a da doka duka sun ba ta ikon ta koma kan tsohon mijin ta nemi abin da ta biya masa. Amma wannan ƙara ce ta biyu, da kuɗinta da zirga-zirgarta, kuma in ba shi da abin biya sai ta jira.

Masu karatu su lura kuma, guje wa banki yanzu ya yi wuya. Tun 2014 aka shigo da lambar BVN wadda ta haɗa dukan asusun mutum wuri ɗaya. A 2017 aka yi dokar da ta tsara aikin kamfanonin da ke ajiye labarin masu cin bashi, wanda sunansa ya ɓaci a wurinsu sai ya ga ƙofofin rance sun rufe. A watan Agusta na 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya fara wani tsari wanda ya ba banki ikon ɗebo kuɗinsa daga asusun da mai bashi ya ke da shi a waɗansu bankuna, in dai ya sa hannu a kan yardar haka lokacin karɓar rance. Bazawarar da ta buɗe sabon asusu tana tara jarin sana'a tana iya wayar gari ta ga an kwashe.

LAMUNI

Kashi na uku shi ne wanda mace ba ta ga ko sisin kwabo ba, hannu kawai ta sa. Mutane da yawa suna ɗauka lamuni shaida ne, watau ka ce ka san wane mutumin kirki ne. Lamuni kuwa ɗaukar nauyi ne, in bai biya ba kai za ka biya, kuma mutuwar aure ba ta warware shi.

Malikiyya ta yi wa mai lamuni rangwame guda. Muddin wanda ya ci bashin yana nan, yana kuwa da abin biya, ba a tsallake shi a kama mai lamuni, sai fa in an sa sharaɗin haka tun farko. Har wa yau ta sa wa lamunin matar aure iyaka, abin da ya wuce sulusin dukiyarta miji yana da ikon ya rushe. Amma wannan katanga ba ta tsare ta daga mijin kansa, gama in shi ta lamunce wa, ai da yardarsa ta yi, lamunin ya zauna. In ta zo daga baya ta ce tilasta mata ya yi, sai an nemi shaida. Takardun banki kuwa sun saba share rangwamen farko ɗin nan, su rubuta cewa mai lamuni daidai ya ke da wanda ya ci.

MATA BIYU A INGILA

Akwai shari'o'i biyu da Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli tasu, ta yanke rana ɗaya, ran 21 ga Oktoba 1993. Sun cancanci a san su, domin alƙalan manyan kotunanmu su kan duba hukuncin Ingila don ƙarin haske ko da ya ke bai zama tilas a kansu ba, kuma sun nuna bambancin lamuni da tarayya a fili.

Ta fari tsakanin bankin Barclays ce da wata matar aure. A 1987 mijinta ya so a ƙara wa kamfanin da ya ke ciki rance, ya ce mata ta sa hannu a jinginar da gidansu, ya gaya mata kuɗin ba su wuce fam 60,000 ba, kuma cikin mako uku za a gama. Ta je banki ta sa hannu ba ta karanta ba, ma'aikatan banki kuwa ba su bayyana mata kome ba, ba su ce ta nemi lauya ba. Ashe jinginar ba ta da iyaka. Kafin shekara ta ƙare bashin ya haura fam 154,000, banki ya zo karɓar gida. Kotu ta ce, tun da banki ya san wannan mace ce ta ke tsaya wa mijinta a kan abin da ba ta da riba a ciki, ya kamata ya yi zaton ana iya ruɗinta, ya kira ta ita kaɗai ya faɗakar da ita. Da bai yi ba, ƙaryar mijin ta shafe shi. Banki ya faɗi.

Ta biyu kuwa tsakanin wani kamfanin rance ne mai suna CIBC da wata matar dabam. A 1986 mijinta ya matsa mata har ta yarda suka jinginar da gidansu na London suka karɓi fam 150,000 da sunansu su biyu, aka rubuta wai gidan hutu za su saya. Mijin ya zuba kuɗin a cacar hannun jari, kasuwa ta rushe a Oktoba 1987, kuɗi suka narke. Kotu ta yarda lalle mijin ya danne ta, amma ta ce kamfanin ba shi da hanyar sani, gama a takarda rance ne na miji da mata don amfaninsu tare. Matar ta faɗi.

Ga mata biyu, ko wacce mijinta ya cuce ta, ɗaya ta kuɓuta, ɗaya ta rasa, abin da ya raba su kuwa shi ne yadda aka rubuta takarda. A 2001 kotun nan ta sake zama kan shari'o'i takwas irin waɗannan, ta ɗora wa bankuna cewa kada su karɓi lamunin mace ga mijinta sai lauya ya gana da ita ba a gaban mijin ba, ya bayyana mata abin da za ta iya rasawa, ya kuma rubuto wa banki cewa ya yi.

Mu ma muna da wata katanga ta wannan fanni. Dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta ce wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda tilas ya sa sunansa da adireshinsa, wanda ke nuna an karanta masa ita an fassara kafin ya dangwala yatsa. Matar da aka sa ta dangwala a takardar Turanci ba a fassara mata ba, ta gaya wa lauya ko alƙali wannan tun da fari.

WAƊANDA KE ZAUNE A ƘASASHEN WAJE

'Yan'uwanmu da suka yi aure ko suka zauna a waje su sani ba ko'ina ne dukiyar ma'aurata ta ke a rabe ba. A Faransa, bashin da ɗayansu ya ci don hidimar gida ko tarbiyyar yara yana hawa kansu duka ko ɗayan bai sa hannu ba, in dai bai wuce kima ba, kuma raba gida bai isa ya tsayar da wannan ba sai an shigar da sakin a rajista. A Amurka akwai jihohi 9, cikinsu har da Kalifoniya da Teksas, inda a ke ɗaukar abin da aka samu cikin aure na tarayya ne, mai bashi kuwa yana iya kai hannu ga wannan dukiya. Wanda ke can ya tambayi dokar inda ya ke, kada ya auna da mudun gida.

"NI ZAN BIYA"

Sau da yawa ranar rabuwa miji ya kan ce a gaban dattawa, "Ta tafi abinta, bashin nan ni zan biya." Magana ce mai kyau, in an rubuta ta da shaidu tana ɗaure shi. Amma shi kaɗai ta ke ɗaurewa. Ranar da ya fasa biya, banki zai komo kan matar, in ta nuna takardar dattawa a ce mata ba da su aka yi ba. Ko a fiƙihu, mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani ba ya inganta sai mai bashi ya yarda.

Hukuncin kotu ma haka ne. Waɗanda suka yi auren rajista, Babbar Kotu ce ke raba su bisa dokar 1970, tana kuwa da ikon tsara yadda za a yi da dukiyarsu. Kotun shari'a ita ma tana iya cewa wane ne zai biya. Duk wannan tsakaninsu ne su biyu. Sunan mace ba ya fita daga littafin banki sai banki ya cire shi da kansa.

Akwai kuma bashin da ke tsakanin miji da mata su kansu, wanda ya fi ko wanne saurin ɓacewa. Mace ta sayar da sarƙarta ko saniyarta ta ba miji ya ƙara jari ko ya yi rufin ɗaki, ba takarda ba shaida, don ana ganin neman shaida tsakanin miji da mata rashin yarda ne. Ranar rabuwa ta ce rance, ya ce kyauta. Malamai sun ce abin da mace ta kashe wa mijinta tana iya nemansa in ba da nufin kyauta ta yi ba, sauran sadaki kuma bashi ne kamar ko wane bashi. Sai dai alƙali da hujja ya ke aiki. Mai neman hul'i kuma ta lura da abin da a ke rubutawa, gama yafe bashin da ta ke bin miji yana iya zama fansar kanta, in ta yarda da haka ya wuce ke nan.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Shawararmu ga wanda bai riga ya sa hannu ba ita ce ya tambayi abu uku: nawa ne kuɗin duka har da abin da za a ɗora, rabona kaɗai a ke bina ko duka, kuma ni mai karɓa ne ko mai lamuni. Ya nemi a fassara masa, ya karɓi kofen takardar ya adana. Ayar da ta fi ko wace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba ta kuwa ware miji da mata ba.

Waɗanda rabuwa ta riga ta same su kuwa, kada a tashi daga zaman sulhu sai an lissafa bashi kamar yadda a ke lissafa kwanuka. A rubuta ko wane bashi, da mai shi, da abin da ya saura. In akwai kayan da aka saya da shi, mafi sauƙi a sayar a biya, kowa ya tafi da wuyansa sake. In ɗaya yana son ya riƙe kayan, su je wurin mai bashi tare, a sake takarda da sunansa shi kaɗai, ɗayan ya karɓi shaidar an sallame shi a rubuce. In akwai asusun tarayya a sanar da banki a rufe shi, kada wani ya ci sabon bashi a kansa. Mai lamuni ya rubuta wa banki cewa ba ya ɗaukar abin da za a ƙara nan gaba, ko da ya ke na baya yana nan a kansa. In kuwa mai bashi ya ƙi sakin kowa, to wanda sunansa ke takarda ya riƙa bin sawu yana tabbatar ana biya, ya ajiye rasiɗin duk abin da ya fitar daga aljihunsa.

Muna roƙon iyaye da waliyyai da masu unguwa da limamai, waɗanda a gabansu a ke yawancin wannan zama, su riƙa yin tambayar nan ko ba wanda ya tayar da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga maza kuma, wanda ya san shi ya ci kuɗi, matarsa hannu kawai ta sa don ta rufa masa asiri, bai kamata ya bar ta da masu bashi a ƙofar gidan ubanta ba, ko da takarda ta ba shi hanyar zillewa. An umurce mu da rabuwa da kyautatawa, sauke mata wannan nauyi kuwa yana cikin kyautatawar. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa ikon sauke abin da ke wuyansa, amin.